Wuƙar Ragon Liman

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai. Daga mahaifinka Umaru Maƙeri zuwa ga ɗana Lawali.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah ya sauke ka Gummi lafiya, kai da iyalinka, ya tsare ku daga sharrin hanya da na masu tare hanya. Ruwan bana ya cinye turba daga ƙauyenmu har Nasarawar Burkullu, don haka ka gaya wa mai motar nan ya bi a hankali, ba tsere kuke yi da kowa ba.

Innarka ce za ta cusa wannan takarda cikin buhun geron da ta ɗaure maka. Na zaɓi rubutu ne don na san halina kuma na san naka: in muka zauna, kafin in kai tsakiyar magana na ɗaga murya, kai kuma ka sunkuyar da kai kana jiran in gama ka tashi. Kada ka yi mamakin girman rubutun, zan gaya maka dalili in na kai wurin.

Raina a ɓace yake, Lawali, kuma ba zan ɓoye maka ba. Ka ɗauki ƙarfen shaidar gidanmu ba da sanina ba, ƙarfen nan mai zane uku kamar sawun zabo wanda kakanka ya gada ya bar mini, ka buga shi a jikin wuƙaƙen da ka yanko daga ƙarfen ƙofa. Ka kai su injin washi ka goge har mutum na ganin haƙoransa a ciki, ka baza a kasuwar Bukkuyum. Mako bai zagayo ba wani mahauci ya tare ni a bainar jama'a, ya ɗaga wuƙar ta naɗe baki kamar ganye, ya ce, "Umaru, tsuhwa ta kama ka ne? Wagga aba ko tumatur ba ta yankawa." Na tsaya kamar an dasa ni. Shekara arba'in ina bugun ƙarfe, ba wanda ya taɓa ɗaga mini aikina a kasuwa sai ranar, kuma aikin ma ba nawa ba.

Da na dawo na tambaye ka, me ka ce mini? "Baba, zamani ya canza. Mutane ƙyalli su ka biɗa, babu mai tambayar mi ac ciki." Ko a jikinka. Shi ya sa na ƙwace ƙarfen shaidar na ɓoye, shi ya sa kuma da ka ce za ka koma Gummi ka buɗe taka maƙerar da janareto ban ce maka uffan ba. Tafiyarka ba ta dame ni ba, namiji ai sai ya fita. Abin da za ka je ka yi da hannun da na koyar shi ke hana ni sukuni.

To amma kada ka ɗauka mai maganar nan waliyyi ne. Duk wautar da ka yi na riga ka yin ta, na kuma yi wadda ta fi ta. Ban taɓa ba ka labari ba saboda girman kai. Yau zan ba ka.

Ina saurayi, kakanka ya aike ni Anka in sayo tsohon sifirin na mota wurin masu gyaran motoci. Na je na ga sifirin duk tsatsa, baƙi ƙirin, ga nauyi, ga nisan gida. A gefe kuwa ga wasu sandunan ƙarfe sababbi fil, masu santsi, masu sauƙin ɗauka. Na ce a raina tsohon nan wahala kawai yake so. Na kwaso su. Ƙarfen ya yi mini biyayya a wuta kamar tuwo, kafin azahar na fitar da wuƙa uku, na sayar wa Buba ɗaya. Ka san Buba, Bafulatanin nan na rugar yamma da har yanzu yake kawo mana nono. Kwana biyu sai ga shi da sandarsa a kafaɗa. Ya zaro wuƙar ya ce, "Maƙeri, laɓin ga naka mi yac ci? Reshen gawo guda nis sara ma shanu, ga shi ya lanƙwashe awa lauje." Kakanka ya miƙa hannu. Ya karɓa, ya sa a gwiwa ya miƙar da ita da hannu, ya sake lanƙwasa ta, ya miƙo mini. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Don haka ka fara daga ƙarfe. Ƙarfen ƙofa da rodi na walda ne, ko ka shekara kana tsoma su a mai ba za su riƙe kaifi ba. Ka nemi sifirin, ko tsohon magagari da ya gama cin ƙarfe, ko faifan garmar tarakta. In kana shakka, ka yanki ɗan guntu ka gasa, ka tsoma a ruwa, ka ɗora a uwar maƙera ka buga. In ya tsinke, na wuƙa ne. In ya lanƙwashe, ka yi maratayin ƙofa da shi. Wannan gwajin bai kai tsawon shan fura ba, kuma ka san shi tun kana ɗan shekara goma. Shi ya sa abin yake ƙona mini rai: ba jahilci ya sa ka ba.

Na kuma yi shekaru ina ƙera wuƙa iri ɗaya ina miƙa wa duk wanda ya zo, kamar mai rabon goro. Mai yankan kuɓewa, mai fiɗa, mai shiga daji, duk abu guda. Kowa ya tafi yana gunaguni ni kuwa ina cewa ba su iya riƙo ba. Ka tambayi mutum aikin da za ta yi kafin ka hura wuta. Ta girki siririya ce mara nauyi, yadda mace za ta wuni da ita hannu bai gaji ba. Ta fiɗa gajera ce mai tumbi, kada tsini ya huda fata ya ja wa mai ita asara wurin baduku. Ta makiyayi da manomi a bar mata gadon baya mai kauri, don za ta sari reshe, ta gyara kofato, ta yanke igiya, kuma sai da kube mai kama ta sosai. Yanzu ma tambayar ta ƙara nauyi, ka san halin da dajinmu yake ciki. Wanda ya zo yana son doguwa mai baki biyu, ka tambaye shi aikinta ya hau kame-kame, ka ce masa gawayinka ya ƙare.

Sai ƙota. Kana goye, Innarka ta ce in yi mata wuƙar girki. Aikin gida ne, ba mai biya, sai na sari ɗanyen reshen aduwa na fafe na soka. Da rani ya shigo itacen ya bushe ya saki. Tana fasa kabewa ruwan wuƙar ya zame ya tsaga mata tafin hannu. Tabon yana nan, ka sha ganin sa. Har yau in gardama ta haɗa mu ba ta doguwar magana, tafin kawai take buɗe mini, ni kuma in kama bakina. Ka sa marke ko ƙirya da ya shekara a inuwa, ka zura ƙarfen har ya fita ta gindi ka tanƙwashe shi. Kuma wuƙar gidanka ta fi ta kowa kyau, don ita ce za a riƙa nuna maka har ka tsufa.

Duk waɗannan ƙananan kunya ne. Ga babbar.

Ka taso ka tarar gidanmu ne yake ƙera wa Liman wuƙar layya, sabuwa kowace shekara. Ba a sayar da ita. Ranar Arfa muke kai ta a naɗe cikin farin ƙyalle, shi kuma ya aiko mana da wuyan ragon. Ka kuma san dalilin da ya sa ba a wasa da ita: ba wanda zai sa wa ragonsa wuƙa a ƙauyen nan da rugage da tungayen da ke kewaye sai Liman ya yanka nasa a filin idi. Layyar gari duka tana rataye a bakin wuƙa ɗaya.

Shekarar da kakanka ya rasu, aikin ya faɗo kaina ni kaɗai. Mutane suna ta cewa bari mu gani ko ɗan zai kai uban. Maganar ta shige ni. Na ƙudura sai na yi wadda ba a taɓa gani ba. Na samo sifirin mai kyau, nan ban yi kuskure ba. Na buge ta doguwa, siririya. Da na zo tsomawa sai na bar mai na tsoma ta a ruwan randa mai sanyi, don ta yi tauri na gaske. Na goge ta tana walƙiya. Saura abu ɗaya, a mayar da ita ga zafi a sassauta taurin. Kakanka kullum yana cewa, "Wuƙa sau biyu ta ka ganin wuta, Umaru, kak ka rage mata guda." Amma na san in na mayar da ita launi zai hau ta, sai na sake zaman gugar wuni guda, ga masu kawo washin Sallah sun cika ƙofar maƙera. Na gwada ta a gashin hannuna ta aske shi tas. Na ce wannan ai ta gama, me ya rage? Na naɗe na kai.

Ranar Sallah aka idar, aka yi huɗuba, aka jawo ragon Liman, fari ƙato mai ƙaho. Majiya ƙarfi huɗu suka kayar da shi suka danne. Ina sahun gaba, na sha sabuwar riga, ina ta waige don a san wanda ya yi wuƙar. Tsohon Liman, mahaifin wannan na yanzu, Allah ya jiƙansa, ya zare ta, rana ta haska ta, na ji mutane sun yi ajiyar zuciya. Ya yi bisimilla ya yi kabbara ya ja. Ragon ya fizge kai, ruwan wuƙar ya gamu da ƙashi, sai ji na yi ƙas. Ta karye daf da ƙota. Liman ya bi guntun da ke hannunsa da kallo. Masu riƙo suka firgita suka sassauta, rago ya miƙe da rabin yanka ya ratsa sahu yana feshin jini a fararen riguna, yana wani irin gurnani da ban taɓa ji ba, ban kuma daina ji ba har yau. Kafin a cim masa ya kai bakin gonaki ya faɗi.

Malamai suka taru suka duba suka ce an ɗaga hannu kafin yanka ya cika, kuma an jima, ba za a ci shi ba. Ragon da Liman ya shekara yana kiwo aka ja shi aka kai bayan gari. Aka shiga neman wani, rana ta take, jama'a na zaune cikin zafi ba mai ikon tafiya. Da aka samo, wuƙar da aka yanka shi da ita daga kugun Buba ta fito, wata tsohuwa baƙa da kakanka ya ƙera masa bayan abin da na yi masa. Ja ɗaya aka yi. Mutanen tungaye kuwa da suka ƙiyasta lokaci kamar kowace shekara sun riga sun yanka nasu. Aka aika musu cewa sun riga Liman, nama suka samu, layya sai sun sake. Masu hali suka sake. Akwai wata tsohuwa da ta yi shekara tana tara dussa tana ciyar da ɗan ragonta, ba ta da na biyu. Ba ta taɓa yi mini magana a kai ba har ta koma ga Allah, gaisuwa kawai, kuma gaisuwar nan ta fi mini zagi ciwo.

Ka san abin da ubanka ya yi? Na dawo gida ina cika ina batsewa, ina gaya wa duk wanda ya tsaya cewa Liman ne ya murɗa hannu, tsufa ya kama shi, wuƙata ba ta da laifi. Innarka tana tankaɗe ta ɗago ta ce, "Kai kaƙ ƙera ta ko Liman yaƙ ƙera ta? In ba ka tahi ka ba shi haƙuri ba, ni ka tahiya." Ban je ba. Kwana uku ina kumbure-kumbure, sai ga Liman da kansa a ƙofar maƙera, da guntayen biyu cikin ƙyallen da na kai masa. Ya zauna a kan kututture ya ce, "Umaru, ba ragon nika ji ba. Dabba ta sha wuya ga hannuna, kuma ni za a tambaya gobe ƙiyama." Na rasa inda zan sa fuskata. Ya tashi zai tafi ya juyo ya ce, "Baɗi ma kai za ka yi muna ita." Na yi kuka a gaban zuga-zugina kamar yaro, kuma ban ji kunyar gaya maka ba.

In aikinka ya ci amanar mutum, ka riga shi zuwa. Kada ka tsaya neman wanda ya riƙe ba daidai ba. Mahaucin nan na Bukkuyum ni na je na ba shi haƙuri na musanya masa, alhali kai ya kamata ka je, kuma har yanzu akwai sauran wuƙaƙenka a hannun mutane da shaidarmu a jiki. Ka nemo su.

Tawa ta yi tauri ta karye, taka ta yi laushi ta naɗe, amma ciwon ɗaya ne: dukanmu mun tsallake abin da mai saye ba ya gani don mu ƙawata abin da yake gani. Don haka ka bi ta daki-daki. Gawayin ƙirya, ba na dafa shayi ba. Ka gasa a inuwa inda ido zai ga gaskiyar launi, ta yi ja kamar nunannen barkono, kada ta kai ruwan ɗorawa. Ka tsoma a mai, baki ya fara shiga. Ka goge gefe ɗaya da dutse, ka ɗora gadon bayanta a kan ƙarfe mai zafi, ka zuba ido launi yana gangarowa zuwa baki. In bakin ya yi kalar busasshen karan dawa, ɗauke. In ka yi sakaci ya kai shuɗi, ta mutu, sai ka sake daga farko. Shuɗin nan shi ne wanda injinka yake sa wa bakin wuƙa in ka danna ta kana hira, sannan ka goge shi ka ce ba a gani. Ban hana ka inji ba, yana rage wahala. Ka ajiye ruwa kusa kana tsomawa, ƙarshen kaifi kuma ka ba dutse da hannu. Aske gashin hannu ba gwaji ba ne, ni shaida ne. Ka sari busasshen ƙashi, ka ɗan tanƙwara ta a gwiwa ka ga ta dawo, sannan ka bi bakin da farce daga gindi har tsini ko za ka ji giɓi.

Yanzu ga dalilin girman rubutun. Yanar ido ce ta kama ni, Lawali. Shekara biyu ke nan. Ina ganin mutum, ina ganin wuta, amma launin da ke gangarowa a jikin ƙarfe ya ɓace mini, karan dawa da shuɗi duk toka nake gani. Ka tuna bara da bara waccan, da muke ƙera wuƙar Liman, ina ce maka, "Duba nan, ta kai?" Kai ka zaci jarraba ka nake yi, har kana ɓata rai. Ba jarrabawa ba ce. Da idonka na yi su duka biyun, kuma ba ka kuskure ko sau ɗaya ba, ka fi ni gani ko a lokacin da nake da ido. Innarka kaɗai ta sani. Ita ce ma ta matsa mini, ta ce, "Ka hwaɗa ma yaron ga gaskiya tun bai tahi ba." Na kasa a baki. Da mahaucin nan ya ce tsufa ta kama ni, abin da ya fi ƙona ni shi ne bai yi ƙarya ba. To ka gane fushina: mutumin da Allah ya ba irin wannan ido, shi ne ya zauna yana goge ƙarfen ƙofa.

Saura mako bakwai Babbar Sallah. Ba zan iya yin wuƙar bana ba, kuma ba zan yi ta da ƙiyasi in kai wa Liman ba, na riga na ga abin da hakan ke haifarwa. Ka zazzage buhun geron har ƙasa. Za ka tarar da ƙunshi: guntun sifirin da na ɓoye tun rani, da guntayen wuƙar nan biyu da na ajiye tun kana rarrafe, da ƙarfen shaidar gidanmu. Ban ba ka shi don na huce ba, ban huce ba. Na ba ka ne don ba ni da wani.

Ka yi wa Liman wuƙarsa. Kada ka buga mata shaida sai ta ci duk gwajin da na lissafa, ka kawo ta da hannunka ranar Arfa. In kuwa ka ga zamani ya wuce wannan wahala, to kada ka yaudare ni, ka ba direban da ke zuwa ranar kasuwa ƙarfen shaidar ya dawo mini da shi tun da sauran lokaci. Ni zan taka in je in gaya wa Liman ya nemi wani gida, in kuma jefa ƙarfen a rijiya da hannuna. Wannan ya fi mini sauƙi a kan in sake jin gurnanin nan.

Ranar idi zan zauna a sahun gaba inda na saba. Ba zan ga wuƙar ba, ko ta yi ƙyalli ko ba ta yi ba duk ɗaya ne a wurina yanzu. Kunne zan kasa.

Innarka tana gaishe ku, ta ce a riƙa shanya geron kada ya yi fumfuna. Ka gaida matarka, ka riƙe ta da mutunci a baƙon wuri, ka riƙe salla a kan lokaci ko ƙarfe na wuta. Allah ya tsare ka daga ƙuna da tartsatsi da mugun abokin ciniki, ya tsare maka idonka, ya kai ku lafiya ya dawo mana da ku lafiya. Allah ya sa abin da zan ji a filin nan kabbarar Liman ce, sai shiru, sai hayaniyar mutane suna tashi zuwa ga ragunansu. Amin.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Umaru Maƙeri